Tsohuwar da Ta Ƙura wa Jaririna Ido

Shekarun baya, lokacin muna zaune a wani flat na council, irin gidajen hayar gwamnati, a unguwar Edmonton ta London, can hawan sama, na haifi ɗana na fari. Waɗanda suka daɗe da ni a nan sun san halina, ba na yarda da abu sai na juya shi ciki da bai. Ko mai kawo saƙo ya cika yi mini murmushi, sai na duba kwalin ko an taɓa buɗe shi. To a lokacin abin ya fi haka muni. Ga ɗanyen jego, ga rashin barci, ga kuma wani group na matan Arewa da nake ciki a waya, inda kusan kullum sai an turo labarin wata da 'yan soshiyal, ma'aikatan gwamnati masu kula da yara, suka ƙwace wa 'ya'ya. Ba wadda ta taɓa ganin matar da idonta. Kullum ƙawar ƙawar wata ce, a wani gari. Amma ni na haddace labaran nan kaf, kuma duk mafarinsu ɗaya ne: maƙwabciya ce ta buga waya.

Mahaifiyata ta zo daga Kano don wankan jego. Akwatinta ɗaya na kayan sawarta ne, ɗayan kuwa, wanda ya fi girma, namu ne ni da jariri: kanwa, yajin jego, busasshen ganyen darbejiya, man kaɗanya, da kayan jarirai da take ta tarawa tun kafin ma in samu cikin. Har da wani farin shawul da aka lulluɓe ni da shi ina jaririya. Tana buɗe akwatin ƙamshin kafur ya cika ɗakin, irin ƙamshin adakar kakata, sai da na yi ƙwalla. Ranar da muka dawo daga asibiti ta tuɓe masa kayan kantin da na saya, ta ce ba su da kauri, ta sa masa nata, ta naɗe shi a shawul ɗin nan.

Washegari ungozoma ta zo ta duba mu, ta ce lafiya ƙalau, za ta sake dawowa kafin mako ya cika. Mijina kuwa tuƙin bas yake yi, ya ajiye hutunsa sai ranakun suna, don haka da asuba yake fita. Gida ya zama daga ni sai Umma sai baƙon.

Kun dai san sha'anin ɗan fari. Na yi shekaru a London, ina hawa jirgin ƙarƙashin ƙasa ina musu da Turawa a kan layi, amma Umma na shigowa gidan na koma 'yar cikin gari sak. A gabanta ban isa in ɗauki yaron nan in ƙura masa ido ba. Ita za ta miƙo shi, in ba shi nono ina kallon bango kamar an ba ni ajiyar ɗan wani, ya gama ta karɓe abinta. A ɗakinta yake kwana. Ita ce mai wanka, ita ce mai shiri, ita ce mai tsokana, "angona" take ce masa. In na saci kallonsa to ta shiga banɗaki ne, shi ma a gurguje, a hasken ƙwan lantarki, don lokacin sanyi ne kuma Umma ta ce a bar labule a sake kada iska ta shigi mai jego.

Ƙofar da ke kallon tamu ta wata tsohuwa ce, gajeriya, 'yar wata ƙasa a Kudancin Amurka. Sifaniyanci kawai take ji, Turancinta bai wuce hello da thank you ba. Tana zaune da ɗanta, babban mutum har da furfura a gemu, a keken guragu, wuyansa a karkace, ba ya ji ba ya magana. Tsakanina da ita ɗaga hannu ne in mun haɗu a lif.

Wata safiya Umma ta ɗora manyan tukwane, don ta ce ruwan zafin famfon Turawa wasa ne, ba zai gasa mai jego ba. Tururi ya cika gidan, sai ga ƙararrawar gobara ta ɗauka. Umma ta ruɗe ta wangale ƙofar waje don tururin ya fita. Sai ga tsohuwar nan ta leƙo da tawul a hannu, ta miƙe a kan yatsunta tana kaɗa shi a ƙarƙashin ƙararrawar har ta yi shiru. Muka yi mata thank you. Da a nan ta juya ta tafi, da shi ke nan, amma sai ta tsaya kallo.

Umma ta koma kan bokitin da ta kife ta mayar kujera, ga baho a gabanta, ga yaro a kan ƙafafunta. Ta gasa masa jiki da tsumma, ta kama hannayensa ta kai su baya ta haɗe, ta naɗe ƙafafunsa har suka taɓa ciki, ta riƙe shi ta ƙafa ta ɗan jijjiga. Haka aka yi mini, haka aka yi wa ƙannena, ba wanda ya karye. Ta gama ta shimfiɗe shi a kan tawul za ta shafa masa mai. Sai ya saki wani siririn kuka mai tsini, ya banƙare, kansa ya yi baya, gadon bayansa ya ɗaga daga kan tawul ɗin.

Umma ta yi dariya ta ce, "Kai, angon nan da miƙa! Dogo za a yi, irin kakansa."

Tsohuwar ba ta yi dariya ba. Tawul ɗin hannunta ya faɗi. Ta toshe baki, sannan ta ɓarke da magana da sauri da sauri, tana nuna wajen da Umma take da yaron. Ban tsinci komai ba sai kalma ɗaya da take ta maimaitawa, wani abu kamar "arkeya, arkeya", tana lanƙwasa tafin hannunta. Sai kuma ta laluba aljihu ta zaro waya.

"Ke, me take cewa?" in ji Umma. "Hoto za ta ɗauke shi?"

Kafin in amsa Umma ta ja shawul ta rufe yaron ruf, ta miƙe da shi a kafaɗa, ta tura ƙofa da ƙafa. Ta karanta falaƙi da nasi ta tofe shi tun daga ka har ƙafa. Ta ce, "Mace da irin wannan ɗa a ɗaki, ta zo ta tsaya a kan jaririn mutane ko suna ba a yi ba, tana nuna shi da yatsa. Allah Ya raba mu da mugun baki."

Tsoron Umma baki ne. Nawa tsoron kuwa daban, ni wayar nan na gani. Baƙuwa ta ga tsohuwa 'yar Afirka ta riƙe jariri ta ƙafa, ta yi ihu, ta zaro waya. Ai ko a mafarki aka tashe ni na san ci gaban wannan labarin.

Na shige ɗaki na rufo ƙofa, na hau bincike. Na buɗe manhajar fassara ina faɗa mata "arkeya" da muryoyi kala-kala, tana kawo mini shirme, har na dace ta gane. Kalmar ita ce arquear. A gabanta an jero Turanci: arch, bend, curve, bow. Ni kuwa abin da na sani game da arch bai wuce tashar Marble Arch ba. Na duba hotuna, sai ƙofofin gari da gadoji da girar mata. Na ce me ya haɗa jaririna da ƙofar gari? Na watsar da ita na kama bend.

Daga nan na bi dangin kalmar ɗaya bayan ɗaya. Doblar, aka ce bend ko fold. Curvar, aka ce curve ko bend. Encorvar, aka ce stoop, hunch, bend. Duk lungun da na shiga sai in tarar da bend ta riga ni zuwa. A ƙasa kuma ga wata, torcer, wadda tsohuwar ko furta ta ba ta yi ba, an ce twist ko sprain. Ita ma na jawo ta na haɗa. Kafin la'asar na gama rubuta wa matar nan rahotonta a cikin kaina, da Turanci mai kyau wanda ita ba ta ma iya ba: kaka tana lanƙwasa jariri tana murɗa shi. Har na hango mu a gaban alƙali ina ƙoƙarin bayyana wa Bature amfanin gashin jiki.

Da mijina ya dawo na zayyana masa komai. A gajiye yake, ya ce, "Ke dai ba kya rabo da zargi. Ki bar tsohuwar mutane. In abin ya dame ki, ki tambayi ungozoma in ta zo." Ya juya ya yi barcinsa, na ji kamar in shaƙe shi.

Washegari da safe aka ƙwanƙwasa. Na leƙa ta 'yar hujin ƙofa, ita ce, da kwanon miya a rufe. Ba mu buɗe ba. Ta san muna ciki. Ta ajiye kwanon a ƙasa, ta ɗaga hannu saitin hujin ta sake lanƙwasa shi, ta nuna idonta, ta haɗa hannu biyu kamar mai roƙo. Umma da na ba ta labari ta ce, "Kin ji ko? Ido. Da bakinta ta faɗa." Miyar kuwa a nan ta wuni.

Can da hantsi na ɗaga gefen labulen kicin, wanda ke kallon barandar da muke bi zuwa lif. Sai na gan ta tsaye da wata mata mai katin aiki rataye a wuya, tana nuna mata ƙofarmu, tana wannan lanƙwasa hannun. Matar tana girgiza kai. Na saki labulen. Bayan azahar aka sake ƙwanƙwasawa, na leƙa, wata ce daban, ita ma da kati a wuya da jaka a kafaɗa. Na yi wa Umma alama da hannu. Muka yi tsit, ko tari ba mai yi. Yaron ma bai tona mana asiri ba, don tun jiya barci kawai yake yi, nonon ma sai an tashe shi, ya ɗan ja ya saki. Umma har yabonsa take yi, wai ba ta taɓa ganin jariri mai haƙurinsa ba.

Matar ta gaji ta turo 'yar takarda ta ƙarƙashin ƙofa. Ungozoma ce, abokiyar aikin wadda ta zo da farko, ta ce in kira a sake sa rana. Na karanta, na ce a raina ai da ma haka suke farawa, da ungozoma.

Akwai wata Anti da muka saba a kasuwar Edmonton, tana sayar da atamfa da mayafai. 'Yar zangon Kumasi ce, kuma ta yi shekaru a Sifaniya, ta yi tsinkar tumatir ta yi rainon tsofaffi, kafin ta ƙetaro London. Hausarta irin ta zango ce, kowa namiji ne a bakinta, har ni har Umma. Washegari da sassafe na kira ta. Ba taimako nake nema ba, makami nake nema. So nake in san ainihin ƙarar da aka kai mu, don in shirya amsa kafin su dawo da 'yan sanda.

Ta saurare ni ta ce, "Kai, magana haka ba a yi shi a waya. Ina zuwa."

Ta zo kafin ta buɗe rumfa. Ta durƙusa ta gaida Umma, ta yi barka, ta karɓi kunun kanwa ta sha. Na miƙa mata wayata da jerin kalmomin da na tara. Ta duba ta yi dariya har da buga cinya.

"Waya bai yi karya ba," in ji ta, "amma ya zuba maka duka a kwano daya. Tsaya ka gani."

Ta ɗauki tawul ta ninka shi biyu. "Wannan doblar. Ka nade zane, ka lankwasa hannun mutum, duka doblar. Da wankan Hajiya ne ya dame shi, wannan zai fadi." Ta zana kwana a iska da yatsa, ta ce in hanya ta yi kwana ko ƙarfe ya tanƙware, curvar ke nan. Sannan ta miƙe tsaye ta duƙo gaba, ta fitar da ƙusumbi, tana takawa da ƙyar. "Wannan encorvar. Tsofaffi na na Sifaniya, duka haka suke tafiya." Har Umma sai da ta murmusa.

"To arkeya fa?" na ce.

"Shi baya yake zuwa, ba gaba ba." Ta dafa ƙugu, ta turo ƙirji, ta sake kanta ya yi baya har ɗankwalinta ya zame. Daga can take magana, muryarta a shaƙe. "Kamar bakan maharbi. Turawa su ce arch. Likitan bayana ya koya mini, kullum ya ce arch your back."

Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Abin da na gani a kan tawul ke nan shekaranjiya, na kuma sake gani jiya sau ba adadi, ina kallo ta wutsiyar ido.

Anti ta miƙe a hankali. Ta kalli fuskata, dariyar ta ɗauke. "Wane ne ke yi haka a gidan nan?"

Umma ta ce, "Miƙa ce fa. Duk jariri yana miƙa."

"Hajiya, ka yi hakuri, bari in tambaye shi da kaina."

Ban hana ta ba, amma ko a lokacin zuciyata ba ta saki ba. Ina tsaye a bakin ƙofa ina cewa a raina yanzu za ta je ta ƙara ba ta abin faɗa. Anti ta ƙwanƙwasa ƙofar tsohuwar, ta yi magana biyu da Sifaniyanci. Tsohuwar ta cafke hannunta da hannu biyu, ta fashe da kuka, magana na zuba kamar an ɓalle famfo. Ta bayanta ina hango ɗanta a kekensa a bakin taga, an rufa masa bargo a ƙafa.

Anti ta jawo ta har falonmu, tana juya mana maganar guntu-guntu. Ta ce ɗan nan nata lafiyayye ta haife shi, a wani ƙauye a kan dutse. A makon farko ya fara yawan barci, ya ƙi nono, yana irin wannan kukan, yana banƙarewa. Uwarta ta ce ƙarfi ne, jarumi za a yi. Kafin su gane su sauko birni, abin ya riga ya taɓa ƙwaƙwalwa. Ta ce wayar da ta zaro, so take ta yi magana a ciki ta juya mana da Turanci. Matar da na gan su tare kuwa mai zuwa yi wa ɗanta wanka ce, ta roƙe ta ta ƙwanƙwasa mana, ita kuma ba ta gane me take nufi ba. Ta ce tun ranar nan ko abinci ba ta iya ci.

Wanka fa? Na sa Anti ta tambaye ta, don ni har yanzu ina kan bakana. Tsohuwar ta kalle ni kamar ba ta gane tambayar ba, ta ce wanka ai wanka ne, su ma a garinsu ana matsa wa jarirai jiki.

Sai ta nuna labule. Anti ta yaye shi, hasken rana ya shigo falon nan karo na farko tun da muka dawo daga asibiti. Tsohuwar ta miƙo hannu a ba ta yaron. Umma ta ƙara ƙanƙame shi. Ba ta yi gardama ba, sai ta danna kan hancinta da yatsa ta saki, ta ja fatar idonta ƙasa, ta nuna wa Umma ta yi masa haka. Sai Umma ta taka da kanta zuwa bakin taga. Ta danna hancinsa ta ɗaga yatsa. Wurin ya fito ruwan ɗorawa. Ta buɗe idonsa, farin idon nan kamar an diga masa kurkum.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Umma. "Shawara ce."

Ban nemi izini ba, ban sunkuyar da kai ba, na sa hannu na karɓe ɗana daga hannun mahaifiyata. Ranar na fara kallon fuskarsa sosai. Yana da wani ɗan tabo a bayan kunne da ban san da shi ba. Jikinsa ya yi tauri a hannuna, ya sake yin baya.

Na kira lambar gaggawa. Matar ta tambaye ni me ke damunsa. Na ce yana yawan barci, ba ya shan nono sosai, kuma "he's stretching a lot". Abin da bakina ya saba ke nan, miƙa. Ta fara jero mini tambayoyi a natse, ko ɗakin da zafi, ko yana jiƙa nafkin. Anti ta ɗaka mini duka a kafaɗa.

"Ba stretching ba! Fadi kalman da na nuna maka!"

Na ce, "He's arching his back. And his eyes are yellow."

Muryar matar ta canza nan take. Ta daina tambayar zafin ɗaki, ta ce kada in ajiye waya, in bar ƙofa a buɗe, mota na hanya. Ƙofar da na kwana biyu ina gadi, ni da kaina na sa takalmi na tokare ta.

A asibiti suka karɓe shi da gudu. Suka tuɓe shi suka sa a ƙarƙashin fitilu masu shuɗin haske, an rufe masa ido. Da sakamakon jini ya fito suka ce fitila kaɗai ba za ta isa ba, sai an canza masa jini. Mijina ya iso da rigar aikinsa, shi ya sa hannu a takarda. Ba wanda ya tambaye mu yadda ake yi masa wanka. Wata nas dai ta tambaye ni me ya sa ungozoma ba ta same mu jiya ba. Na gaya mata gaskiya. Ta dube ni, ta ja numfashi, ta rubuta abin da za ta rubuta.

Bayan an gama, hankali ya ɗan kwanta, likitan ya zo ya zauna da mu. Ya ce akwai wani abu a jinin yaron da aka haife shi da shi, wanda ake yawan samu a yaranmu maza, kuma akwai abubuwan da ke tayar da shi su farfasa jinin jariri. Ya ɗauko shawul ɗin da muka zo da shi a ciki, ya ce ya ji wani ƙamshi, ko muna sa ƙwallayen nan farare na korar asu a cikin kaya?

Umma na gefena, ba ta jin Turanci, amma ta ga shawul ɗinta a hannun likita. Ta taɓa ni ta ce, "Me ya ce?"

Na wuni biyu ina juya kalmomin wata don in samo mafi muni a ciki. Yanzu ga ni ina laluben mafi sauƙi, kuma babu. Na ce, "Umma, ya ce jininsa ne ba ya son kafur. Ya ce ba kowane yaro ba ne, ba yadda za a yi mutum ya sani."

Ta miƙa hannu. Ta karɓi shawul ɗin ta ninke shi a cinyarta, ta yi ta shafa shi. Da mijina ya mayar da ita gida, ya ce tun daga ƙofa ta fara kwashe kayan akwatin nan tana cusawa a baƙar leda, ya yi ya yi ta bari a wanke, ta ƙi. Har shawul ɗin. Da kanta ta sauka ta kai su bola, ita da ko lif ba ta yarda ta shiga ita kaɗai.

An raɗa suna yana asibiti. Ranar da aka sallame mu, muna fitowa daga lif, Umma ta karɓe shi daga hannuna, maimakon ta yi ƙofarmu sai ta yi ta tsohuwar. Ta ƙwanƙwasa, ta shiga da sallama, ta ɗora mata shi a cinya. Sannan ta juya wajen ɗan nata, ta ɗan rusuna ta ce, "Sannu, bawan Allah. Sannu ka ji." Suka zauna su biyu, ba mai jin yaren wata, wannan ta yi magana waccan ta gyaɗa kai. Tsohuwar ta kawo miya. Umma ta ci, amma sai da ta sa na kira Anti a waya aka tabbatar ba naman alade a ciki. Kun ga inda na gado halin.

Yaron nan yanzu ya kusa kamo ni a tsawo, maganar Umma ta dogo ta tabbata. Yana ƙwallo, yana karatunsa, in na yi masa Hausa ya mayar mini da Turanci. Kunnensa na hagu ne bai tsira ba, yana sa 'yar na'ura. Likita bai taɓa ce mini da mun buɗe wa ungozoma ƙofa ranar nan da kunnen ya tsira ba, ni ma ban taɓa tambaya ba. Amma duk safiyar da na ga yana maƙala na'urar nan kafin ya tafi makaranta, sai na tuna mu biyu a bayan ƙofa mun riƙe numfashi, kuma har yau abin yana yi mini ciwo.

Tsohuwar ta rasu bayan mun tashi daga unguwar, aka mayar da ɗanta gidan kula da marasa lafiya. Sifaniyancina har gobe bai wuce kalmomin nan na lanƙwasa ba, amma su kam ko cikin barci aka tambaye ni zan ware su, wacce ta gaba wacce ta baya.

Ba zan ce muku na daina zargi ba, ƙarya ne, jiya ma sai da na duba kwalin saƙo. Abin da ya canza shi ne na zama irin matar da nake tsoro. In na je barka, ko na ga ɗanyen goyo a sashen mata a masallacin Regent's Park, ƙafata ba ta iya wucewa. Sai na matsa, sai na leƙa farin idon.

Kwanakin baya na je barkar wata yarinya, haihuwar fari, ba ta san ni sosai ba. Falo a rufe, labule a sake, kaka na gefe tana yabon jariri wai ba shi da rigima. Na matsa na ƙura masa ido. Yarinyar ta ja mayafi ta rufe shi, na ga leɓɓanta suna motsi. Na san abin da take karantawa, a kaina take karanta shi. Na bari ta kai ƙarshe ta tofa, na shafa tare da ita, sannan na ce, "Ƙanwata, taso mu je bakin taga."